Wasan kwaikwayo na kan tebur mai gwama kimiyya da tsafi

Wasan kwaikwayo na kan tebur wani nau'in wasa ne da mutane kaɗan, galibi uku zuwa shida, suke zama su ƙaga labari tare da fatar baki. Kowane ɗan wasa yana riƙe da jarumi guda wanda yake magana da yawunsa, mutum ɗaya kuma ya zama jagora, shi ke bayyana duniyar da ake ciki da duk abin da ke aukuwa a cikinta. Ba a bukatar dandamali ko kayan shiga. Littafin dokoki ne, da takardar da aka rubuta siffofin jarumi, da fensir, da dayis irin wanda ake jefawa a lido, sai dai na wannan wasa yakan zo da fuska 4, 6, 8, 10, 12 ko 20. Reshen da ke gwama kimiyya da tsafi shi ne wanda ake samun jirgin sama jannati da mutum-mutumi mai tunani a labari guda da bokaye da dodanni, ba tare da ɗaya ya kore ɗaya ba.

Bahaushe zai fi saurin gane wasan idan ya tuna da tatsuniya. Idan kaka ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," yara suka amsa "Ta zo mu ji ta," to aikinsu ya koma sauraro har a kai ga ƙurunƙus, babu mai ikon hana Gizo shiga gonar da ya yi niyyar shiga. A wannan wasa kuwa mai sauraro yana da hannu a labarin. Jagora zai ce, "Kun iso bakin wata ƙofar ƙarfe da ke numfashi kamar dabba, me za ku yi?" Daga nan abin da 'yan wasa suka zaɓa shi ne labarin.

Asali

Wasan ya samo asali ne a Amurka a 1974, lokacin da kamfanin TSR na garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ya fitar da Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka tsara. Wancan na takubba ne da matsafa, amma ba a jima ba kimiyya ta kutso kai. A 1975 aka buga Empire of the Petal Throne na M. A. R. Barker, inda ake wasa a wata duniya da 'yan Adam suka mamaye da jiragen sama jannati, daga baya iliminsu ya shuɗe. A 1976 James M. Ward ya fito da Metamorphosis Alpha, labarin wani makeken jirgi mai suna Warden da bala'i ya afka wa, har jikokin fasinjojinsa suka manta cewa a cikin jirgi suke, suka ɗauka nan ce duniya. Wannan tunani, na mutanen da ke zaune a kan kufan ilimin da ya fi ƙarfinsu suna kiransa tsafi, shi ne ƙashin bayan reshen har yau.

Wasanni biyu ne suka fi fito da shi a wannan ƙarni. Numenera na Monte Cook ya fito a 2013, kuma yana ɗaukar 'yan wasa zuwa shekara biliyan ɗaya nan gaba, a zamanin da ake kira Duniya ta Tara, domin manyan al'ummomi takwas sun tashi sun faɗi kafin ita. Starfinder kuma kamfanin Paizo ne ya fitar da shi a watan Agustan 2017, bugu na biyu ya biyo baya a 2025.

Yadda ake yinsa

Ba kowane motsi ake jefa wa dayis ba, sai wanda ake shakkar nasararsa. A Starfinder, idan jarumi yana son buɗe waccan ƙofar ƙarfe mai numfashi, jagora yakan tsayar da lambar da za a cimma, a ce 15. Ɗan wasa ya jefa mai fuska 20, ya ƙara makin gwanintar jaruminsa. Idan makin 4 ne, yana bukatar 11 ko sama da haka, wato rabi da rabi ke nan tsakanin nasara da faɗuwa. A Numenera ana auna wahalar aiki daga 1 zuwa 10 a ninka sau uku don a samu lambar da za a cimma, kuma 'yan wasa ne kaɗai ke jefa dayis, jagora ba ya taɓa shi. Wannan ɗan bambanci yana sauya yanayin zama ƙwarai, domin idon jagora yana kan fuskokin mutane, ba kan lissafi ba.

Zaman farko da sabon wasa

Abin da ke fara ɗaukar hankalin wanda ya buɗe sabon littafi shi ne zane-zane, amma zane ba ya nuna ko wasa zai yi daɗi. Ma'aunin farko na gaskiya shi ne ƙirƙirar jarumi. Numenera ya taƙaita wannan aiki a jimla guda, mai siffa da sana'a da baiwa, misali mayaƙi mai taurin kai wanda ke sarrafa ƙarfe da tunaninsa, kuma cikin ɗan lokaci sabon shiga ya san wanda yake riƙe da shi. Starfinder ya fi nauyi: littafinsa na farko ya haura shafi 500, da sana'o'i 7 da jinsunan halitta irin su vesk masu kamar ƙadangare, da kasatha masu hannu huɗu, da ysoki masu kamar ɓera. Wanda ke son zaɓi da lissafi zai ji ya samu gida, wanda ya zo don labari kuwa yana iya gajiya kafin a fara. Babu laifi ga ko wanne, amma ya kamata jagora ya san mutanensa kafin ya zaɓa musu.

Ma'auni na biyu shi ne ko kimiyyar da tsafin sun haɗu da gaske, ko kuwa an jera su ne kawai kamar kaya a shago. A wasan da aka tsara da kyau, bindigar haske ba ta mayar da takobi abin banza, kuma akwai dalilin da ya sa matsafi da injiniya suke bukatar juna. Yaƙin jiragen Starfinder a bugun farko misali ne mai kyau na niyya, domin ya raba aiki tsakanin kyaftin da matuƙi da maharbi da injiniya da jami'in kimiyya, kowa da abin yinsa. Duk da haka a nan ne sababbin shiga suka fi tuntuɓe, saboda dokokinsa daban suke da na faɗan ƙasa. Adalci shi ne kada a yanke wa wasa hukunci a zama ɗaya, tun da rabin zaman farko yakan tafi ne wajen buɗe shafuka.

Yin wasan a Bauchi

Tebur ba sharaɗi ba ne. Tabarma a zaure ta isa, kuma ana iya karanta dokokin a waya. Babban aikin shi ne na harshe, domin da Turanci aka rubuta waɗannan littattafai, sai jagora ya karanta ya juya bayanin zuwa Hausa yayin da ake wasa. Idan ya iya, zai ga ƙasar nan ba ta rasa kayan labari ba. Wanda ya taɓa leƙa kogunan Marshall da tsofaffin rijiyoyin Dukkey a dajin Yankari, ko ya tsaya gaban zanen duwatsun Geji, ya riga ya san yadda zuciya ke yi idan ta ga aikin mutanen da suka shuɗe ba su bar suna ba. Jagora yana iya cewa ruwan ɗumin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, irin na Wikki, wata na'ura ce ta mutanen farko ke dafa shi, kuma yau da safe ya wayi gari da sanyi. Ɗan wasa zai ce, "Yaya, bari in nutsa in duba," jagora ya miƙa masa dayis.

Batun dayis ɗin kansa yana bukatar kulawa. Malaman Musulunci da dama suna hana wasa da shi saboda hadisin da ya zo a kan nardu, wani tsohon wasa da ake yi da dayis, kuma mutane da yawa suna danganta shi da caca, ko da yake a wannan wasa ba a sa kuɗi, ba kuma wanda ke cinye wani. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba sai ya tambayi malaminsa. Akwai kuma wasannin da aka tsara ba tare da dayis ba sam, irin su Amber na 1991, inda jagora ke yanke hukunci ta hanyar kwatanta makin jarumai da dabarar da ɗan wasa ya kawo.