Waiwaye: Yadda tukunyar makoki ta koma kan masu rashi

Duk lokacin da wani sananne ya rasu, hotunan rumfuna da kulolin abinci suka fara yawo a Facebook, sai tsohuwar gardama ta tashi. Wasu su ce sadakar uku da bakwai da arba'in bidi'a ce, wasu su ce addu'a ce da sadaka, kuma ladansu yana isa ga mamaci. Yanzu har akwai iyalan da ke sanarwa tun a maƙabarta cewa babu zaman makoki, wanda ya yi gaisuwa a nan ya wadatar. Matasa da yawa suna ɗauka jiya aka fara wannan magana, alhali ta girmi iyayensu.

Asalin hukuncin sananne ne. Aya ta 234 a Suratul Baƙara ta sanya wa matar mamaci takaba ta wata 4 da kwana 10, hadisi kuma ya taƙaita makokin sauran dangi a kwana 3. Da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (SAW) ya umarci a dafa wa iyalinsa abinci, domin abin da zai shagaltar da su ya same su. A ƙasar Hausa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi gargaɗi a kan al'adun da aka cusa cikin jana'iza tun kafin jihadin 1804. 'Yarsa Nana Asma'u ta yi wa Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, wato gidan ilimi bai taɓa ɗaukar baƙin ciki abin kunya ba. Bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, muhawarar ta hau mumbari da kaset, ta tsallaka har Maraɗi da Damagaram.

Wannan duka an sha faɗa. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne abin da ya faru da zaman maƙwabtaka a 'yan shekarun da suka gabaci 1978, kuma ni a ganina nan ne nauyin ya sauya wuri.

A ƙauye, kai har a tsofaffin unguwannin cikin ganuwa, mutum yakan mutu ne a cikin danginsa. A yi masa sutura a kai shi cikin sa'o'i kaɗan. Masu gaisuwa da ƙafa suke zuwa, su zauna a tabarma, su ce "ya haƙuri?", a yi fatiha, kafin magariba kowa ya koma gidansa ya ci tuwonsa. Gidan rasuwa ba a ɗora tukunya, kwanukan tuwo da ƙwaryar kunu daga maƙwabta suke shigowa. Sadakar uku kuwa 'yan tiyoyin gero ne, a daka gumba ko a toya waina a raba wa yara da almajirai, malamai a ba su goro. Ko da malami yana da ja a kan ware ranar, ba wanda zai ce an takura wa marayu.

Sai abubuwa suka zo a jere. An ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, suka zama 19 a 1976, kowace hedikwata ta ja ma'aikata daga garuruwansu. Farin 1972 zuwa 1974 ya kori manoma da makiyaya zuwa birane, a Najeriya da Nijar baki ɗaya. Kuɗin mai da suka ƙaru daga 1973 suka kawo kwalta da motocin haya. Mutumin Gumel ya wayi gari yana aiki a Kaduna, yana haya a layin da na damansa ɗan wani gari ne, na hagunsa ma haka. Ranar da ya rasu, a sa sanarwa a rediyo, washegari mota cike da dangi ta tsaya a ƙofar gida. Waɗannan baƙi ba za su juya a ranar ba, dole su ci, dole su kwana. Maƙwabtan da ba su wuce gaisuwar hanya da mamacin ba za su kawo kwano ɗaya ko biyu, amma ba za su riƙe mutum talatin kwana bakwai ba. Haka matar da ko hawayenta bai bushe ba ta fara tambayar saura mudu nawa a buhu.

Arba'in ma a nan ta yi ƙiba. Ɗan da ke Legas ko Kumasi, wanda labari bai same shi da wuri ba, ita ce ranar da zai iya cim ma, kuma sau da yawa a lokacin ake zaman rabon gado. Taron da ya tara na nesa sai an yi masa girki babba. Da masu hali suka kafa rumfa suka yanka rago, mara hali ya ji kunyar ya yi ƙasa da haka, kada a ce bai daraja ubansa ba. Wannan kunyar, ni na tausaya mata ƙwarai, domin daga ƙauna ta fito.

Lokacin da wa'azi ya kankama a kan bidi'a, abin da masu wa'azin ke gani a birni ya riga ya bambanta da gumbar da masu kare al'adar suka tashi suka gani. Kowane ɓangare ya riƙe hujjarsa ta littafi, aka yi shekaru ana kai ruwa rana a kan halaccin ranar, hadisin iyalin Ja'afar kuwa, wanda babu saɓani a kansa, bai samu rabin wannan kulawa ba. Tsadar da ta kama tun tsakiyar shekarun 1980 ba ta rage taron ba. Wayar salula da ta shigo a 2001 ƙara shi ta yi, don yanzu kafin a gama wanka labari ya kai ko'ina.

A gidaje da yawa yau, ranar huɗu ko ta takwas ake kwance rumfa, mai kujerun roba ya zo karɓar kuɗinsa, mai shagon da aka ɗauki shinkafa bashi ya aiko yaro. Baƙi sun watse. Matar mamaci tana ɗaki, saura mata wata huɗu na takaba, kuma a layin nan ba lallai a samu wadda za ta leƙo da kwanon tuwo ba.