Tiyatar huji: me ya sa ba a cika tsaga ciki ba yanzu?

Mece ce tiyatar huji?

Likitoci na kiranta lafaroskofi. Maimakon a tsaga ciki, sai a yi ƙananan huji uku ko huɗu, kowane faɗinsa bai wuce milimita 5 zuwa 12 ba. Ta ɗaya ake hura iskar kabon dayoksaid har fatar ciki ta ɗaga daga kan hanji, a zura siririyar kyamara mai fitila. Ta sauran kuma ake shigar da dogayen almakashi da hantsaki, likita na aiki idonsa na kan allo. Wasu kan ce mata "aikin leza", alhali galibi ba a amfani da leza ko kaɗan.

Sabon abu ne?

A'a. Tun 1901 wani likita, Georg Kelling, ya leƙa cikin kare da irin wannan na'ura a Jamus. A can Jamus ɗin likita Kurt Semm ya cire afendis ta huji a 1980, likita Erich Mühe kuma ya cire matsarmama a 1985.

Ina amfaninta, ban da ƙaramin tabo?

A ganina tabon ma shi ne mafi ƙanƙantar riba. Babbar ribar tana ciki: ba a yanka naman bangon ciki ba, hanji bai sha taɓawa da hannu ba. Shi ya sa zafi ke raguwa, rauni bai cika yin ruwa ba, mutum ya iya yin tari ba tare da ya dafe ciki ba. Wanda aka cire wa matsarmama kan koma gida ranar ko washegari. Sai dai kafaɗa kan yi ciwo na kwana ɗaya ko biyu, domin ragowar iskar tana taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki.

Za a iya ɓoye tabon gaba ɗaya?

Kusan haka. Akwai aikin huji ɗaya tak ta cibiya, tabon ya ɓace cikin lanƙwasarta. Akwai kayan aiki masu kaurin milimita 3, waɗanda tabonsu bai fi ɗigon tawada ba. A 2007 ma likita Jacques Marescaux a Faransa ya fitar da matsarmamar wata mata ta farji. Amma hujin cibiyar ya fi faɗi, don haka ya fi jawo ƙaba daga baya, kuma kayan aikin kan yi ta karo da juna a hannun likita.

Mutum-mutumi fa?

Na'urar tiyata mai suna "da Vinci", wadda Amurka ta amince da ita a 2000, ba ta yin komai da kanta. Likita ne ke sarrafa ta daga kujerarsa.

Idan aka fara ta huji, za a iya komawa ga tsagawa?

Ƙwarai kuwa. Idan jini ya ɓalle, ko tsohon aiki ya sa hanji ya manne, likita zai buɗe cikin, kuma wannan ba gazawa ba ce. Ku tambaye shi tun kafin a ba ku takardar sa hannu: sau nawa ya taɓa yin irin wannan aikin?