Maƙwabtan da ba a gani: tambayoyi da amsoshi kan ɓoyayyar duniya a almarar birni

Wai mene ne ake kira almarar birni?

Ƙagaggen labari ne da ke faruwa a birni irin na zamaninmu, mai motoci da asibiti da 'yan sanda da wayar hannu, amma a bayan wannan rayuwa da kowa ya sani akwai wata al'umma ta matsafa, fatalwa, masu shan jini da masu rikiɗa, suna zaune kafaɗa da kafaɗa da mutane ba tare da an gane su ba. Abin da ya raba shi da sauran labaran almara shi ne, marubuci bai ƙirƙiro wata masarauta mai nisa ba. Titin da mai karatu ke bi kullum shi ne filin labarin. Ma'aikaciyar jinya tana aikin dare, ta taɓa hannun majinyaci ta ji babu bugun jini, shi kuwa ya ɗago kai ya tambaye ta ƙarfe nawa alfijir zai keto. Daga nan labari ya tashi.

Sunan ya fara kama bakin masu buga littattafai a Amurka da Kanada a shekarun 1980, amma tushen ya girmi haka. A littafin Dracula na 1897, mai shan jinin bai tsaya a tsohuwar fadarsa ta kan dutse ba. Lauya ya nema, ya sayi gidaje a Landan da kewayenta, don ya shige cikin miliyoyin mutane ya saje.

Su wane ne mazauna wannan duniya?

Galibi daga tsofaffin labaran al'ummu ake aro su. Mutanen Ailan suna da labarin wasu halittu da ke zaune cikin tuddai, na Aisland suna maganar ɓoyayyun mutane a cikin duwatsu, Japanawa suna da dilar da ke rikiɗa ta zama mace, gabashin Turai kuma ya ba da gawar da ke tashi ta sha jini. Wasu marubutan suna shigo da aljanu, sai dai a nan ya kamata a yi hattara, domin ga musulmi samuwar aljanu magana ce ta imani, ba daidai take da dodon da marubuci ya ƙaga a ɗakinsa ba.

Abin da almarar birni ta ƙara shi ne tsari. Waɗannan halittu ba yawo suke yi ɗaiɗai a daji ba. Suna da sarakuna da majalisa, kotu da kasuwar dare, bashi da gaba ta shekaru ɗaruruwa, har da rabon unguwanni.

Me ya sa sai birni?

Saboda birni an gina shi ne a kan rashin sanin juna. Baƙo in ya sauka a ƙauye, kafin rana ta faɗi an san inda ya fito da gidan da ya kwana. A babban birni kuwa mutum zai shekara goma bango ɗaya ya raba shi da maƙwabcinsa, bai san sunansa ba, bai kuma lura cewa bai taɓa ganinsa da rana ba. Tun wajen 2007 fiye da rabin mutanen duniya a birane suke zaune, don haka yawancin masu karatu sun san wannan yanayi a jikinsu.

Sannan birane da yawa suna da ciki da gaske. Landan ta buɗe jirginta na ƙarƙashin ƙasa a 1863, kuma yau akwai tashoshin da aka rufe aka bari cikin duhu, irin su Aldwych da aka daina amfani da ita a 1994. A ƙarƙashin Paris akwai tsofaffin ramukan haƙar dutse masu tsawon kusan kilomita 300, inda daga 1786 aka fara kwashe ƙasusuwan matattu daga maƙabartun da suka cika, har suka kai na mutum kusan miliyan shida. A 2004 'yan sandan birnin suka ci karo da cikakken gidan kallon fim a ɗaya daga cikin ramukan, da allo da kujerun da aka sassaƙa a jikin dutse da wutar lantarki. Da suka koma bayan 'yan kwanaki, sai suka tarar an yanke wayoyin, an bar musu takarda cewa kada su nemi masu wurin. Mutane ne suka yi wannan, ba fatalwa ba. A Derinkuyu ta Turkiyya ma, a 1963 wani mutum yana gyaran gidansa ya fasa bango ya ga ɗaki, ɗakin ya kai ga rami, ramin ya kai ga wani tsohon gari mai hawa-hawa zuwa ƙasa wanda zai iya ɗaukar dubban mutane. Idan gaskiya ta kai nan, marubuci ba ya bukatar tsalle mai nisa.

In sun fi mutane ƙarfi, me suke ɓuya wa?

Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Mai shan jini ɗaya zai iya gamawa da mutum goma, amma ba zai iya da gari guda da ya fito da wuta da tsakar rana ba, lokacin da yake kwance ba ya motsi. Marubuta kan jingina wannan tsoro da tarihi na gaske. Tsakanin kusan 1450 da 1750 an kashe dubun-dubatar mutane a Turai bisa zargin maita, a Salem ta Amurka kuma an rataye mutum 19 a 1692. Waɗanda aka kashe bayin Allah ne da aka yi wa ƙazafi, amma a cikin labari sai a ce halittun ɓoye sun ga abin da ya faru, suka ɗauki darasi.

Shi ya sa kusan kowane irin wannan labari yake da doka ta farko: kada ka bari mutane su sani. Wani wasan almara da ya fito a Amurka a 1991, Vampire: The Masquerade, wanda masu yin sa ke zama tare kowa ya ɗauki matsayin mai shan jini, ya ɗora dukkan tsarinsa a kan wannan doka, kuma ya taimaka wajen yaɗa ta. Hukuncin wanda ya karya ta yawanci kisa ne, kuma 'yan uwansa ne ke zartarwa.

To, ta yaya asiri ba ya tonuwa?

Nan ne ake gane gwani da ɗan koyo. Hanya mafi arha ita ce a ce akwai tsafin goge tunani: duk wanda ya gani, a shafa masa goshi ya manta. Ni wannan ba ta gamsar da ni, domin tana cire haɗari daga labarin. In kowane kuskure yana gyaruwa da shafa ɗaya, me zai sa gaban mai karatu ya faɗi?

Hanyar da ta fi ƙarfi ita ce wadda ta dogara da halin ɗan Adam. A 1999 masana halayyar ƙwaƙwalwa biyu, Daniel Simons da Christopher Chabris, sun nuna wa mutane bidiyon wasu suna jefa wa juna ƙwallo, suka ce su ƙirga jifan. A tsakiyar bidiyon wani ya ratsa sanye da kayan goggon biri, har ya tsaya ya daki ƙirji. Kusan rabin masu kallo ba su gan shi ba. Mutum abin da ya sa a gaba yake gani. Wanda ke sauri kada ya makara wurin aiki ba zai tsaya duba ko mai tsaye kusa da shi yana da inuwa ba. In ma ya gani, zai ce gajiya ce.

Sauran aikin kuma na hannu ne: ɗan sandan da ke ɓatar da fayil, ma'aikacin ɗakin ajiye gawa da ke rubuta cewa kare ne ya yi cizon, ɗan jaridar da aka toshe wa baki. Ina son wannan salo saboda kowane ɗayansu mutum ne mai iya gajiya, ko ya ji tsoro, ko ya nemi ƙarin kuɗi. Asirin da ke hannun mutane da yawa kullum yana gab da fashewa.

Yanzu da kowa ke riƙe da kyamara a aljihu fa?

An ɗauka wannan zai kashe nau'in labarin, sai ga shi ya ba shi sabuwar mafaka. Bidiyon bogi ya yi yawa a intanet har na gaskiya ya rasa mai yarda da shi. Wani zai ɗauki mutum yana rikiɗa a bayan tashar mota, ya ɗora, a yi kwana biyu ana gardama, sannan a ce aikin kwamfuta ne.

Wa ke ɗauke da labarin?

Kusan kullum mutum ne da ke tsaye a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje: mai binciken laifi, direban tasin dare, ko yarinyar da ta gano uwarta ba mutum ba ce. Ta idonsa mai karatu ke shiga. Kuma a labari mai kyau sanin yana da tsada. Wanda ya gani ba ya iya gaya wa matarsa inda ya kwana, abokai su janye, a wurin aiki a fara raɗa cewa ya taɓu.

Akwai wani abu a ciki ban da nishaɗi?

Akwai, kuma shi ne ya sa nake ɗaukar waɗannan labarai da muhimmanci. Kowane birni yana da mutanen da ake wucewa ba a kallo: masu shara da asuba, masu gadi, marasa matsuguni da ke kwana ƙarƙashin gada, baƙin haure da ke gudun a tambaye su takarda. Suna da hanyoyinsu, da shugabanninsu, da dokokin da ba a rubuta ba. Marubuta da dama da gangan suke sa ƙofar ɓoyayyar duniya ta bi ta wurin waɗannan mutane, ya zama mabaraci ne ya san hanyar da attajiri bai sani ba.

Sai dai kwatancin yana da kaifi biyu. In marubuci ya ce masu shan jini su ne tsirarun da ake zalunta, alhali a cikin labarinsa da gaske suna kashe mutane, to ya gaskata tsoron da ake yi wa tsirarun ke nan ba tare da ya nufa ba. Marubutan da suka farga da haka sukan raba al'ummar ɓoyen gida biyu, masu fada da dukiya a sama, talakawa a ƙasa, su kuma nuna cewa dokar ɓuya da ake cewa ta kare kowa ce, manyan ta fi yi wa amfani, domin wanda aka hana magana da mutanen waje ba shi da inda zai kai ƙarar sarkinsa.