Waiwaye: Yadda aka gina haikalin Hindu a Abu Dhabi

Mabiya addinin Hindu sun daɗe a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, domin tun 1958 'yan kasuwar Indiya suke da wurin ibada a unguwar Bur Dubai, sai dai ɗan ƙaramin wuri ne a saman shaguna, wanda bai ishi jama'ar da ta yi ta ƙaruwa ba bayan samuwar arzikin man fetur. A yau Indiyawa mazauna ƙasar sun haura miliyan uku.

A 1997 ne Pramukh Swami Maharaj, shugaban ƙungiyar mabiya Hindu ta BAPS na wancan lokaci, ya ziyarci Sharjah, ya kuma bayyana burinsa na ganin an gina haikali a Abu Dhabi. Maganar ba ta motsa ba sai a watan Agustan 2015, lokacin ziyarar Firaministan Indiya Narendra Modi, inda gwamnatin Daular ta sanar da ba da fili. Filin da Sheikh Mohammed bin Zayed, yarima mai jiran gadon Abu Dhabi a lokacin, ya bayar a yankin Abu Mureikhah ya kai eka 27, aka aza harsashi a watan Afrilun 2019, aka buɗe ginin ranar 14 ga Fabrairun 2024.

Abin da ya bambanta shi da sauran gine-ginen ƙasar shi ne bin tsohuwar ƙa'idar gini ta Hindu, wadda ba ta yarda a ɗaure gini da ƙarfe ba. Masassaƙa a jihar Rajasthan ne suka sassaƙa jan dutse da hannu, aka sa wa kowane yanki lamba, aka ɗauko su ta jirgin ruwa, sannan aka harhaɗa su a cikin hamada, yayin da aka ƙawata cikin ginin da farin marmara daga Italiya. Tsayinsa ƙafa 108 ne, hasumiyoyinsa bakwai kuma suna wakiltar masarautu bakwai na ƙasar, har ma an sassaƙa raƙuma da shaho a jikin bango don girmama masu masauki.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauki ginin a matsayin al'amarin ibada kaɗai. Abu Dhabi tana son a san ta da haƙuri da mabiya addinai daban-daban, kuma Indiya na cikin manyan abokan cinikinta. Shi kuwa Modi ya buɗe haikalin ne makonni uku bayan bikin haikalin Ram a birnin Ayodhya na Indiya, wanda aka gina a gurbin masallacin Babri, ana saura 'yan watanni a yi babban zaɓen Indiya.