Alƙalami Mai Shan Tawada: Zaɓensa, Tawadarsa da Takardar da Yake So

Alƙalami mai shan tawada, wanda 'yan boko ke ce wa fawuntin fen, abin rubutu ne da yake ɗauke da tawadarsa a cikinsa, tawadar kuma ruwa-ruwa ce, da kanta take gangarowa zuwa bakin ƙarfe mai tsaga a tsakiya, ba sai an yi ta tsoma shi a kurtu kamar alƙalamin gamba na makarantar allo ba. Bambancinsa da biro shine shi biro sai ka danna, saboda tawadarsa mai kauri ce, ɗan ƙwallon bakinsa ne ke juyawa yana shafa ta, wannan kuwa kana ɗora shi a takarda zai fara bada rubutu, shi yasa mai dogon rubutu hannunsa baya saurin gajiya. Iyayenmu da suka yi boko kafin biro ya cika gari da shi suka yi makaranta. Yanzu a Kano sai ɗaiɗaiku, masu sa hannu a takardun ofis, masu son kyawun rubutu, sai kuma masu tara shi don sha'awa.

Abu uku ne suke tafiya tare a harkar, alƙalamin, tawadar, da takardar, kuma in ɗaya ya ƙi sauran biyun basa iya rufa masa asiri. Yawancin wanda ya saya ya jefar yace bashi da kyau, in ka bincika ba laifin alƙalamin bane.

Asalinsa

Tun ƙarni na 10 Alƙali al-Nu'uman ya rubuta cewa halifan Faɗimiyya al-Mu'izz ya nemi a ƙera masa alƙalamin da zai riƙe tawada a cikinsa ba tare da ya ɓata hannu ko tufa ba, kuma aka ƙera masa. A Turai wani ɗan Romaniya, Petrache Poenaru, ya yi rajistar irinsa a Faransa a 1827, amma na lokacin duk yoyo suke yi. Wanda ya sa abin ya shiga kasuwa sosai shine Lewis Waterman na Amurka, da rajistarsa ta 1884. George Parker ya kafa kamfaninsa a 1888, Pelikan na Jamus suka fitar da mai fistin, wanda ake murɗawa ya zuƙi tawada cikin gangar jikinsa, a 1929, sai Parker 51 a 1941 wanda har gobe masu tarawa ke nema. A Japan akwai Sailor tun 1911, Pilot 1918, Platinum 1919. Abinda ya karya kasuwar shine biro, László Bíró ya yi rajistarsa a 1938, Bic Cristal ya fito a 1950, ga arha ga ba ruwanka da kwalbar tawada, to daga nan fa sai ɗan makaranta ya juya.

Yadda yake aiki, da abinda ake dubawa kafin a saya

A ƙarƙashin bakin ƙarfen akwai wani baƙin abu mai tsage-tsage, na roba ko ebonait, wato wata irin roba mai tauri, masu harkar suna ce masa fid. Aikinsa biyu, yana janyo tawada ta siririyar hanya zuwa baki, yana kuma barin iska ta shiga ciki ta maye gurbin tawadar da ta fita. In iskar bata shiga ba rubutu zai riƙa yankewa, in ta yi yawa sai ɗiga.

Bakin da kansa ko na ƙarfe ne ko na zinare. Na zinare zaka ga an buga masa 14K ko 585, ko kuma 18K ko 750, Sailor ma suna yin na 21K. Gaskiyar magana zinaren baya taɓa takarda, a can ƙarshen tsinin akwai ɗan dunƙulen ƙarfe mai tauri da aka liƙa, shi ke gogar takardar, don haka bakin ƙarfe da aka goge da kyau yafi na zinaren da aka yi sakaci da shi daɗin rubutu, kar kuɗin ya ruɗe ka. Girman tsini kuma da haruffa ake nuna shi, EF siriri sosai, F siriri, M matsakaici, B mai kauri. Na Japan sunfi na Turai sirantaka, M ɗin Pilot kusan F ɗin Lamy ne. Akwai kuma mai faffaɗan baki, milimita 1.1 ko 1.5, wanda layinsa na tsaye ke fita da kauri na kwance siriri, shine yafi kusa da abinda malami ke samu in ya fere gamba ya yanke kan, duk da ba zai taɓa bada kaurin rubutun allo sak ba.

Wajen ɗura tawada akwai mai katirij, wato 'yar robar da ke zuwa cike ka soka ta, akwai mai kwambata wanda kake tsoma baki a kwalba ka murɗa ya zuƙa, akwai mai fistin da gangar jikin gaba ɗaya ce tankin, kamar Pelikan da TWSBI na Taiwan, sai mai 'yar jakar roba da ake matsawa, irin na Hero 616 na Shanghai wanda aka kwaikwayi siffar Parker 51. Ga mutumin Kano wannan ba ƙaramin zance bane, saboda Parker, Lamy, Pilot, Sailor da Platinum kowa katirij ɗinsa daban, galibi na wani baya shiga na wani, kuma ba kowane shagon kayan rubutu a Sabon Gari zaka shiga ka samu irin naka ba. Mai zuƙa daga kwalba yafi kwanciyar hankali. In kuma katirij ɗin kake da shi, kar ka yar in ya ƙare, sirinji zaka samu ka riƙa ɗura masa daga kwalba.

Mai farawa ya fara da mai sauƙin kuɗi, Jinhao ko Hero na Chaina, Platinum Preppy, Pilot Metropolitan, ko Lamy Safari da ya fito tun 1980, mai baki F. Da tsadar dala ɗin nan babu dalilin fara koyo da Montblanc.

Tawada

Nan ne yafi buƙatar a tsaya, don mu a garin nan mun san tawada tun kafin wannan alƙalamin ya zo, kuma sanin namu ne yake jawo kuskuren da yafi kowanne yawa. Tawadar allo, zuge, gawayi ne ake niƙawa a haɗa da ƙaro, ƙaron shi ke sa ta kama allo ta yi sheƙi. To shi wannan ƙaron da garin gawayin in suka shiga siririyar hanyar fid suka bushe sun toshe ta kenan, wani lokacin sai an kwance alƙalamin gaba ɗaya, wani ma ya tafi kenan. Haka tawadar zane ta Indiya, haka ta hatimi, haka ta firinta. Duk kwalbar da ba'a rubuta ta fawuntin fen bace kar a zuba, komai kyawun baƙinta.

Wadda aka yi dominsa iri uku ce. Mafi yawa ita ce ta rini, launin ya narke a ruwa tsaf, irin su Parker Quink da ta fito a 1931, Pelikan 4001, Waterman, Diamine ta Ingila, da Iroshizuku ta Pilot, tana wankuwa cikin sauƙi amma fa ruwa na zuba a takardar rubutun zai dame, rana ma tana koɗar da ita. Ta biyu mai ɗan garin launi ce da aka niƙa ya yi laushi ƙwarai, in ta bushe ruwa baya ɗaga ta, sai dai tana son wanki akai-akai. Ta uku ita ce ta sinadarin tanin da ƙarfe, wadda take fita shuɗi-shuɗi sannan iska ta maida ta baƙa bayan wani lokaci, da ita Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna rubuta takardun hukuma. Wanda ya san yambari ya riga ya gane ta, bagaruwar nan da majema ke jima da ita ake jiƙawa a haɗa da kashin maƙera, tanin ɗin bagaruwa ya haɗu da ƙarfe sai baƙi ya fito ya kama takarda, shi yasa alarammomi masu rubuta Alƙur'ani da ka suke son ta. Amma yambarin gida ma da ƙaro a ciki ga tsaki-tsaki, wajenta kurtu da gamba. Mai rubuta takardar gado, ko ta cinikin fili, ko ta bashi, ya nemi ta biyun ko ta ukun, abinda jikoki zasu karanta bai kamata ɗigon ruwan damina ya share shi ba.

Wani abu da ba'a cika faɗa ba, mai rubuta Larabci ko ajami da hannun dama yana tafiya ne daga dama zuwa hagu, kenan gefen hannunsa yana bin kan rubutun da ya gama yanzun nan, in tawadar bata bushe ba sai ya shafe ta, yadda bahago yake fama a rubutun boko. Irin wannan ya nemi tawada mai saurin bushewa da siririn baki, ko ya saba ajiye hannunsa a ƙasan layi. Kuma ba'a gauraya tawadar kamfani biyu a cikin alƙalami, a wanke kafin a canza.

Takarda

Kano ta daɗe da sanin takarda mai kyau. Tsofaffin littattafan da ke gafakar malamai da yawansu a kan takardar Italiya aka rubuta su, wadda in ka ɗaga ta a haske zaka ga jinjirin wata uku a jere, fatake suke kawo ta ta Sahara daga wajen Tarabulus, tana da ƙarfi kuma tawada bata ratsa ta. Abinda ke sa hakan wani shafe ne da ake yiwa takarda tun a masana'anta don kar ta zuƙe ruwa. Takardar da bata samu isasshensa ba, irin ta littafin rubutu mai arha na 'yan firamare, kana ɗora baki zaka ga layin ya yi gashi-gashi yana bazuwa, ka juya bayan shafin ka tarar da ɗige-ɗige sun ɓullo.

Ana auna nauyin takarda da giram a kowace murabba'in mita, A4 ɗin da ake hoto-kwafi da ita galibi 70 ko 80 ce. Amma nauyi kaɗai baya nuna kyau, Tomoe River ta Japan 52 ce, shara-shara, kuma tawada bata ratsa ta, ga Rhodia mai 80 da Clairefontaine mai 90 na Faransa, ga Midori da Kokuyo. Waɗannan sai an yi odarsu. Abinda yafi sauƙi shine ka je da alƙalaminka shago, ka roƙi falle ɗaya, ka ja layi ka rubuta sunanka ka duba baya, wata A4 ɗin mai 80 tana ɗauka lafiya lau.

Zafi, hunturu da wanki

Zafin Maris zuwa Mayu yana haura digiri 40, iskar da ke cikin alƙalami in ta ɗumama tana buɗewa ta turo tawada waje, musamman in tankin ya kusa ƙarewa, shine zaka ga aljihun farar shadda ya yi shuɗin tabo ana cikin ɗaurin aure. A riƙa soka shi bakin yana sama, kar a barshi a mota a rana. Da hunturu kuma bushewa ce matsalar, ka barshi ba murfi na ɗan lokaci ya ƙi tashi, ga ƙura tana shiga tsagar. Wanki da ruwa mai sanyi ne zalla, a zuƙa a fesar har ya fito fari, ruwan gora yafi na rijiya mai gishiri-gishiri, banda ruwan zafi, banda fetur ko sifirit don suna cin roba. In za'a ajiye shi ya daɗe a juye tawadar tukunna.

Tarawa

Masu tarawa kowa da layinsa, wani kamfani ɗaya yake bi, wani na zamani ɗaya, wani tawada ce ma damuwarsa, kwalabe jere da littafin da yake shafa kowane launi ya rubuta sunansa a ƙasa. Sunan da aka fi yiwa jabu shine Montblanc na Hambug, wanda jerin Meisterstück ɗinsa ya fara a 1924, lamba 4810 da ke bakinsa tana nuni ne da tsayin dutsen Mont Blanc na Turai a mita. Masu jabun ma suna buga lambar da farin tauraron da ke kan murfinsa, don haka ganinsu ba hujja bane, Meisterstück 149 na gaske mai fistin ne baya cin katirij, kuma in aka ce maka sabo ne a kuɗin biro goma to ka san amsar.

Ni a ganina tarawar da tafi ma'ana a Kano tana cikin gidajenmu, durowar baba ko akwatin kaka da ya yi aikin En'e ko koyarwa ko reluwe, sau da yawa akwai tsohon Parker ko Sheaffer ko Hero a kwance da busasshiyar tawada. Kar a murɗa shi da ƙarfi. In na roba ne na zamani a jiƙa ɓangaren bakin a ruwa ya kwana, in kuwa tsohon ebonait ne kar a jiƙa gangar jikin kuma kar a shanya a rana, launinsa komawa yake ruwan ƙasa. A duba murfin ko ya tsage, a duba tsinin da madubin ƙara girma ko ɓangarorin biyu suna daidai, jakar robar ciki in ta bushe ta ƙage ana samun sabuwa a canza. A tambayi tsofaffin gida na waye, a wane aiki ya riƙe shi, a rubuta a 'yar takarda a ajiye tare da shi a akwatin da gara da laima basa kaiwa.