Wasan yaƙi na ƙananan sojoji: juya doka daga zamani zuwa zamani

Wasan yaƙi na ƙananan sojoji wasa ne da ake jera mutum-mutumin sojoji na dalma ko na roba a kan tebur, a yi tudu da kogi da ganuwa da kwali, sannan mutum biyu su kara bisa wata rubutacciyar doka. Ana auna tafiyar runduna da awon tela, ana jefa ƙwayar lido mai fuska shida don a san harbi ya samu ko ya kuskure. Tsawon sojan bai wuce gaɓar yatsa ba, galibi milimita 15 ko 28. Juya doka kuwa shi ne a ɗauko dokar da aka rubuta don yaƙin wani zamani, misali na Rumawa, a gyara ta ta yi aiki a wani zamanin daban.

Asali

Tushen abin daga ƙasar Furusiya yake, a Jamus ta yau. A 1824 wani hafsan soja, Georg von Reisswitz, ya gabatar da wasan yaƙi mai suna Kriegsspiel wanda ya gada daga mahaifinsa, sojan ƙasar suka karɓe shi don koyar da hafsoshi. Marubucin nan na Ingila H. G. Wells ya fitar da tashi dokar a 1913 ta masu wasa a gida. Daga nan sai abin ya yi ta yaɗo.

Juyawar ita ma tsohuwa ce. Dokar Chainmail ta 1971 don yaƙin mayaƙan Turai masu sulke aka yi ta, amma aka ƙara mata dodanni da matsafa a ƙarshe, daga cikinta wasan Dungeons & Dragons ya fito a 1974. Dokar da ake kira DBA ta 1990 ta bi wata hanya, kowace runduna kashi 12 ce kawai kuma doka ɗaya ta ɗauki wajen shekara 4,500 na tarihi, saboda ba ta damu da sunan makami ba, tambayarta ita ce yaya wannan rukunin yake faɗa. Dokar Black Powder ta 2009 an yi ta ne don yaƙin shekarun 1700 zuwa 1900, aka sassaƙo Hail Caesar daga jikinta a 2011 don zamanin da, sai Pike & Shotte a 2012 don zamanin mashi da tsohuwar bindiga.

Abin da yake canzawa

Sabon shiga yakan ɗauka canza suna ya isa, a goge baka a rubuta bindiga shi ke nan. Wallahi ba haka ba ne. Nisan makami shi ne farkon abin da ke rushe lissafi, tsohuwar bindiga mai ɗuri ta baki da ƙyar take samun mutum in ya wuce mita 100 kuma kafin a sake ɗurawa doki ya iso, amma bindigar ƙarshen ƙarni na 19 tana cin ninkin ba ninkin haka kuma ba ta jira, to in ka bar ma'aunin filin yadda yake sai ka ga harsashi ɗaya ya ƙetare teburin gaba ɗaya, wasa ya mutu tun ba a fara ba. Dole a sake ma'auni, ko a ce soja ɗaya a tebur yana madadin mutum 20 ko 50.

Jeri ma haka. Masu mashi ƙarfinsu a cunkushe yake, kafaɗa da kafaɗa, amma a gaban bindiga mai ruwa wannan cunkoson shi ne ajalinsu. Dokar da take ba cunkoso lada sai an juya ta ta koma hukunta shi.

Mafi wuya dai zuciyar mayaƙa ce da umarni. Runduna ba ta tsayawa sai an kashe kowa, karyewa take yi ta watse, kuma abin da ke karya ta ya bambanta. A wani zamanin faɗuwar sarki ko tuta ya isa, a wani kuwa sojan haya ne da ba a biya ba. Umarni da ɗan aike ke kaiwa a kan doki ba ɗaya yake da na rediyo ba. A ganina nan ne ake gane wanda ya karanta tarihi da wanda ya kwafi lambobi.

Misali daga Damagaram

Tarihinmu na nan ya nuna matsalar ƙarara. A zamanin Sarki Tanimun rundunar Damagaram tana da 'yan lifida da 'yan baka da dakaru masu mashi, ga kuma 'yan bindiga da igwoyin da aka ƙera a nan Zinder, duk a fili ɗaya. Wanda ya ɗauko dokar zamanin da, dawaki za su fito daidai amma igwa ba ta da gurbi. Wanda ya ɗauko ta zamanin Napoliyon zai mai da 'yan bindigar sarki sojan Turai masu harbi a layi da amon ganga. Mafita ita ce a riƙe dokar arangama ta farko, a aro harbi daga ta biyu amma a rage saurin ɗuri, a sa ƙarar igwa ta fi taɓa zuciyar dawaki a kan yawan waɗanda take kashewa. Lifidi kuma a ba shi kariya daga kibiya da takobi, a cire kariyar a gaban harsashi.

Yaƙin Tirmini na Yuli 1899, inda rundunar Sarki Amadu Kuren Daga ta kara da sojan Faransa a yamma da birni, zamani biyu ne suka haɗu a tebur guda. In aka ce nasara ita ce kashe abokin gaba to wasan a karkace yake tun farko, shi ya sa masu tsara irin wannan suke canza sharaɗin cin wasa, a ce ɓangaren sarki ya ci in ya tsare hanya har zagaye kaza, ko in dawakinsa suka kai ga layin masu bindiga ko da sau ɗaya ne.