Waiwaye: Yadda filin ajiye motocin Disneyland ya zama cibiyar rigakafin korona

A ranar 13 ga Janairun 2021 hukumomin gundumar Orange, a jihar Kaliforniya ta Amurka, suka fara yi wa jama'a allurar rigakafin korona a wani filin ajiye motoci na Disneyland da ke birnin Anaheim. Wurin shaƙatawar kansa a rufe yake tun tsakiyar Maris ɗin 2020, dubban ma'aikatansa na zaman gida. Filin, wanda ake kira Toy Story, nan aka kakkafa manyan tantuna, da burin yi wa mutum fiye da 7,000 allura a kowace rana.

Dabarar tara jama'a wuri guda a raba musu magani ta girmi korona. Bayan wasiƙun da aka aika ɗauke da ƙwayar cutar antaraks a 2001, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fito da wani shiri a 2004 wanda ya buƙaci manyan birane su tsara yadda za su isar da magani ga dukkan mazaunansu cikin awa 48. Tun daga lokacin ake ta atisaye a makarantu da filayen wasa. Korona ce dai ta zo da sharaɗin da ba a saba da shi ba: a tara mutane da yawa, amma kada su cakuɗu.

Nan filayen wuraren shaƙatawa suka yi rana. Suna da faɗi, suna bakin manyan tituna, kuma tun asali an gina su ne don dubban motoci su shiga su fita ba tare da cunkoso ba. Akwai kuma batun maganin kansa. A lokacin, na kamfanin Pfizer yana buƙatar sanyi mai tsanani, wajen digiri 70 ƙasa da sifili, kuma da zarar an haɗa kwalba dole a ƙarar da ita cikin awa shida. Inda layi ba ya yankewa, da wuya a yi asarar ko ɗigo. Bayan allura kuma akwai jiran minti 15 don a ga ko jiki zai nuna wata matsala, shi ma sai da fili.

Wasu suka bi sahu. Gundumar Los Angeles ta buɗe tata cibiyar a wurin shaƙatawa na Six Flags Magic Mountain cikin Janairun, jihar Maryland ta buɗe a Six Flags America cikin Fabrairu, inda mutum ke miƙo hannu ta tagar mota. Kanada da Faransa ma sun yi amfani da irin waɗannan wurare.

To amma wa tsarin ya fi yi wa amfani? Wannan ne abin da ya fi damuna a labarin. Kafin ka je Anaheim sai ka yi rajista ta wata manhaja mai suna Othena, wadda da farko da Turanci kawai take, a gundumar da ke cike da masu jin Sifaniyanci da harshen Biyetnam. Tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama, waɗanda aka ba fifiko, su suka fi shan wahalarta. Sai kana da mota, ko wanda zai kai ka, da kuma aikin da zai bar ka ka tafi da rana. Leburori da masu aikin gidajen abinci na unguwannin Santa Ana da Anaheim, inda cutar ta fi yin ɓarna, su ne suka fi rasa waɗannan abubuwa. Ga shi kuma a makon farko iska mai ƙarfi ta tilasta rufe tantunan na ɗan lokaci, aka ɗage wa mutane ranakunsu.

Duk da haka aikin da filin ya yi ba ƙarami ba ne, domin an yi allura sama da 200,000 a wurin. An rufe cibiyar ranar 30 ga Afrilun 2021. A lokacin magani ya wadata a kantunan sayar da magunguna, masu ɗokin allura sun riga sun samu, gundumar kuma ta karkata ga ƙananan cibiyoyi da ayarin ma'aikatan lafiya masu shiga unguwanni, don cim ma waɗanda ba su taɓa samun hanyar zuwa Anaheim ba.